Damon Gidanmu

Arewa da garinmu, gefen hanyar da amalanke ke bi zuwa Cadakori, akwai kufai. Birni guda ne ya mutu a wurin. Ganuwarsa ta kwanta ta zama dogon tudu da sabara ta rufe, kukoki tara suna tsaye a ciki, ƙasar kuwa baƙa wuluk, ba ka yin taku uku ba ka taka tsingaron tukunya ba. Malaminmu na lakol, wato makarantar boko, ya ce garin ya girmi jihadi nesa ba kusa ba, mutanensa sun yi rini, sun narka tama, sun bauta wa abin da suka bauta wa.

Abin mamaki, mutanen nan duk yawansu ba su bar jika ko ɗaya ba. Shiga kowane gida a garinmu ka tambayi asali, daga wani wuri suka zo. Waɗannan daga Gabas, waɗancan daga Agadas, har gidan mahauta sai da suka samo wa kansu kaka mai rawani. Amma in aka zo maganar gonakin kufai, inda hatsi ke fin mutum tsayi ba tare da taki ba, kowa ya san iyakar gadonsa har kututture. Gadon wa? In ka tambaya sai a ce yaron nan ba shi da kunya, kuma an sha faɗa mini haka.

Babana tela ne. Kekensa na ɗinki yana cikin rumfa jikin dangar gidanmu, daura da masallacin unguwa. Ya yi karatu shekara bakwai a Katsina, kuma ba ya bari a manta. Ba abin da ya tsana kamar canfi. Da almakashin ɗinki ya taɓa yanke layar wuyan ƙanwata, ya buɗe ta gaban mutane, ya nuna musu ba kome ciki sai gashin akuya. A shekarar da nake ba da labari, ina ɗan shekara goma sha ɗaya, tsufa ya cinye idon limamin unguwarmu, dattawa suka ce Juma'a ta sama bayan la'asar za su zauna su ba wani limancin. Mutum biyu ake magana: Baba, da wani mai goro wanda karatunsa bai kai rabin na Baba ba, sai dai muryarsa tana kaiwa har bakin rijiya. Shekara goma Baba yana jiran wannan rana. Ya ma ɗinka wa kansa farar riga ya ɓoye cikin akwati, yana zaton ba mu sani ba. Babban makaminsa asali ne. Kullum maganarsa, kakanmu da gafaka a kafaɗa ya shigo ƙasar nan, gidanmu bai taɓa durƙusa wa kuka ko dutse ba.

Abu ɗaya ne dai: a gidanmu ba a cin damo. Duk yaran gari suna ci, in kaka ta yi ya yi ƙiba har rububinsa ake. Mu kuwa ko ƙanshinsa aka ji a hannunka sai Kaka, mahaifiyar Baba, ta sa ka wanke da toka. In ka tambaye ta dalili ta ce cikinmu ba ya ɗauka. In ka tambayi Baba ya ce ƙyama ce kawai, ka tashi ka ba shi wuri. Ni kuwa da ƙwaƙwalwata ta lakol, mai sanin sunan kogunan ƙasashen da ban taɓa gani ba, ban taɓa haɗa wannan da kome ba.

Ran Alhamis, saura kwana takwas a zauna, muka tafi kufai. An gama yankan hatsi, an saki dabbobi cikin kara. Mu huɗu ne: ni, da ƙanwata mai bakin rediyo, da ɗan mai goro wanda duk rigimar iyayenmu abokina ne, sai wani ɗan Fulani sa'anmu da rugarsu ke sauka bayan ganuwa duk shekara. Shi ne idonmu a daji. Mu 'yan gari sai dai mu ga ciyawa, shi ya ga wanda ya kwana a cikinta.

Ya nuna mana sawun yanyawa a kan rairayi, da inda kasa ta ja ciki ta shige ƙarƙashin kalgo, ya ce mu kewaye. Fakara ta tashi fir daga ƙafar ɗan mai goro, ya zubar da danƙonsa ya ruga, daga baya ya ce ƙarangiya ce ta soke shi. Muka tarar da burtu biyu suna takawa cikin kara da ƙasaita, kai ka ce su ne masu gonar. Ƙanwata ta tsinci bushiya ta naɗe a zane, bushiyar ta yi mata fitsari, ta yar. Kurege ya tsaya a kan tudun ganuwa ya ƙare mana kallo, muka jefe shi mu uku muka kuskure mu uku.

Cikin kufan muka yi abin da muka saba. Muka tona kashin tama, baƙaƙen duwatsun nan masu ƙyalli da maƙeran zamanin dā suka bari, muka cika aljihu. Muka raba gidaje. Ɗan mai goro ya ce gindin babbar kuka fada ce kuma shi ne sarki, na ce in ya zama sarki ni zan yi ƙaura. Ƙanwata ta sami wuyan tulu da zanen yatsa a jiki, ta sa yatsanta ciki ya zauna daidai. Daga nan muka gangara wajen ramukan rini. Sun fi ashirin, a jere, bakinsu daɓaɓɓe, yawancinsu ƙasa ta cike. A bakin na kusa da kuka ta uku muka gan shi.

Damo ne ƙato, ya kusa tsawon hannuna, ya baje yana shan hantsi. Ya gan mu bai motsa ba. Na ɗaga ƙere, sai ɗan Fulani ya riƙe mini hannu.

Ya ce, "Kada ka buge shi. Na kakarka ne."

Na ce, "Kakar wa?"

"Taka. Duk shekara in shamuwa ta dawo innata tana kai mata madara, sabuwar tatsa, ba ta karɓar nono. Nan take kawowa ta zuba. Ina kiwo can ina ganinta."

Bai faɗa da mugunta ba. Yadda zai ce saniyar can ta wane ce, haka ya faɗa. Amma na dubi ɗan mai goro na ga fuskarsa ta washe. Bai ce kome ba sai "Ashe," kuma na san kafin magariba wannan ashe ɗin tana kan faifan goron ubansa. Kunya ta kama ni, haushi ya biyo baya. Na ce ƙarya ce, gidanmu gidan malamai ne, ba ruwanmu da ƙadangaren arna, kuma yanzu za su gani. Na fizge hannuna na sauke masa ƙere a ka. Ko gudu bai yi ba, wannan ya fi kome ba ni haushi. Ɗan Fulani ya hana wuƙarsa, sai da rezar ɗan mai goro na yanka shi, na fuskanci gabas har da bisimilla. Muka hura wuta da kara muka gasa. Ɗan Fulani ya koma wajen shanunsa bai waiwayo ba. Na ci, na kuma ci, maiƙo har gwiwar hannu. Ba zan yi ƙarya ba, ya yi daɗi.

Ƙanwata ba ta ci ba, ta tanadi bakinta don abin da ya fi. Tun daga zaure ta fara shela. Kaka tana zaune tana ɓarar gyaɗa. Ta saba in na shigo ta tare ni da tsiya, mijin nan nawa ba cefane sai yawo. Ran nan ba ta yi ba. Ta ajiye ƙwarya a hankali ta ce, "Wane rami?" Na ce na jikin kuka ta uku. Ta tashi ta shiga ɗaki ta saki asabari, ko tuwon dare ba ta taɓa ba. Da wannan tambaya tata na gane ɗan Fulani bai yi ƙarya ba.

Na kwana da shirin shan bulala. Wayewar gari labarin madara ya gama unguwa, mai goro yana ba da shi gyara a kan kowane goro. Bayan sallar Juma'a Baba ya aika a kira ni rumfa, maza cike. Na zo, sai ya kama hannuna ya ɗaga sama.

Ya ce, "Ga shi nan. An ce gidanmu muna da abin da muke bauta wa a kufai. To ɗana ya yanka shi ya cinye jiya. Ku dube shi. Kansa ya juye? Fatarsa ta saɓule? Allah ya yi maka albarka, halal ka ci."

Tunda aka haife ni Baba bai taɓa sa mini albarka gaban mutane ba, sai da na ci damo. Daga ranar na zama hujja. Duk salla ina sahun gaba kusa da shi. Ya ɗinka mini riga da ragowar yadin wani. In baƙo ya zo rumfa sai a kira ni in juya a gan ni gaba da baya, yadda ake yi wa rago a kasuwa. Aikina ɗaya ne, in zauna lafiya har Juma'a.

Ran Litinin zazzaɓi ya kama ni. Lokacin kaka ne, rabin yaran unguwa suna kwance, sauro bai tambayi wanda ya ci damo ba. Amma ni ba ni da izinin ciwo. Baba ya shafa goshina ya ce ba kome, gajiya ce. Ya sa mini rigar nan ya ja ni masallaci, ina ruku'u ƙasa tana juyawa. Ran Talata haƙorana suna kaɗawa a sahu, ya ce wa na kusa da shi yaron akwai son wasa. Da la'asar na yi amai a bakin rumfa, ya yi maza ya tura ƙasa da ƙafa ya rufe, ya ce na cika cin gyaɗa. Mai goro yana daga tsallake yana yayyafa wa goronsa ruwa, yana kallo, yana murmushi.  Kaka kuwa ta zo ta zauna kusa da tabarmata tana yi mini fifita, ta ƙi duban ɗanta.

Ran Laraba da hantsi ban iya tsayuwa. Na ji Inna, mahaifiyata, wadda ba ta ɗaga murya, tana ce masa in limanci yake so ya je ya yi, ita ɗanta take so. Ya aza ni bayan kekensa na hawa, ya ɗaure ni a jikinsa da rawani, ya ce wa mutanen rumfa zare za shi saye. A gidan likita na Cadakori aka yi mini allura aka ba mu kinin. Da muka fito ya tsaya wajen wata Bafulatana da ba ta san mu ba, ya sa ta cika masa kwalbar lemo da madara, yana ta yi mata bayanin da ba ta tambaya ba, wai yaro ne zai sha magani.

A hanyar komowa, da muka zo daidai ganuwa, ya duba gaba ya duba baya, ya karya kan keke cikin kara. Bai tambaye ni hanya ba. Kai tsaye ya nufi kuka ta uku. Ya kwance ni ya jingina ni da gindinta, ya tuɓe takalmi, ya cire hula. Tokar wutarmu tana nan. Ya tsuguna a hagun ramin ya tsiyaye madarar a hankali, yana magana ƙasa-ƙasa. Abin da na ji shi ne, "Mai gida, yaro ne, bai sani ba. A yi haƙuri a bar mini shi."  Ban taɓa jin ya yi wa ɗayanmu magana da taushi haka ba.

Abu biyu na ji a lokacin, kuma har yau ban raba su ba. Na ji daɗi ƙwarai, don na ga ashe tsoron rasa ni ya fi masa limanci. Na kuma raina shi, raini irin na yaro, mai tsanani. Ya mayar da hula, ya tura kwalbar cikin ramin kurege, ya sake ɗaure ni. Sai da muka hau hanya ya ce, ba tare da ya juyo ba, "Ina muka je?"

Na ce, "Likita."

"Sai ina?"

"Sai gida."

Zazzaɓin ya sauka ran Alhamis. Allurar ce ko madarar, kowa a gidanmu ya zaɓi wadda ta yi masa, ba wanda ya faɗa.

Juma'a bayan la'asar dattawa suka baje tabarmi ƙarƙashin bishiyar bedi, tsakanin masallaci da dangarmu. Dangar kara ce, duk abin da aka faɗa ana ji a tsakar gida, kuma na san Kaka tana zaune jikinta. Mai goro bai ɓata lokaci ba. Ya ce shi ba ya ƙin kowa, amma mutane suna tambaya, yaya za a bi salla bayan wanda gidansu ke shayar da damo. Baba ya gyara zama, ya sunkuyar da kai irin na mai baƙin ciki. Ya iya wannan sosai.

Ya ce, "Ba zan ɓoye muku ba, jama'a. Tsohuwata tana da wannan hali. Daga gidansu ta zo da shi, ba a gidan ubana ta same shi ba. Na yi wa'azi har na gaji. To uwa ce, ba a dukanta, sai addu'a. Ku taya ni roƙon Allah ya shirye ta kafin ta cika."

Dattawa suka yi ta gyaɗa kai, har da masu cewa Allah sarki. Kowannensu yana da tsohuwa a gida da zai iya jingina wa irin wannan in ta ɓaci, shi ya sa maganar ta shige su. Mai goro ya ga abin yana kuɓuce masa, ya ce to an ga sawun keke ya ratse cikin kufai shekaranjiya. Tsohon liman, wanda ba ya gani, ya ce a kawo masa yaron. Ya lalubo kaina ya dafa.

"Ɗana, ran Laraba ina babanka ya kai ka?"

"Likita."

"Daga nan fa?"

Na dubi Baba. Yana kallon yatsun ƙafarsa. Na ce, "Sai gida."

Aka shafa fatiha. Magaribar ranar Baba ya ja salla cikin farar riga, karin ninkin akwati bai ko bar ta ba.

Kaka ba ta tayar da maganar ba. Ta ci gaba da ɓarar gyaɗarta, in ya gaishe ta da safe ta amsa, lafiya lau Liman. Tun daga ranar ba ta ƙara kiransa da wani suna ba sai wannan, kuma duk lokacin da ta faɗa sai na ga ya ƙifta ido. Mata suka rage shigowa wajenta. Wata maƙwabciya da suka yi shekara talatin suna musayar daddawa ta hana jikokinta cin abin hannunta. Haka rani ya wuce.

Da shamuwa ta dawo, wata safiya innar ɗan Fulani ta yi sallama da 'yar ƙwarya rufe da faifai, madara har da ɗuminta. Su suna can daji, ba su san an yi zama ba. Kaka ta amsa gaisuwa, ta tambayi shanu, ta tambayi yara, amma ba ta miƙa hannu ba.

Ta ce, "Bana ba ni ba ce. Yana nan ƙofar masallaci cikin mutane, kai masa. Ki ce in ji ni, ga ta mai gida."

Matar ta fita. Na ce, "Kaka, tona masa asiri za ki yi?"

Ta ce, "Zauna, mijin banza. Washegarin da ya kai ka likita na ja ƙafa na je kufai, na tarar an riga ni, tururuwa ta rufe wurin. A hagun rami ya zuba, yadda ubansa ya koya masa. Ni ɗiyar malamai ce daga Tibiri, a gidanmu damo nama ne, na ci shi ya fi a ƙirga kafin a kawo ni nan. Na gidan kakanka ne. Da zai mutu ya riƙe hannuna ya ce kada in bari a yanke, don ɗansa ya tafi karatu ba zai yi ba. Shekara ashirin da wani abu ina ɗaukar musu kayansu a ɓoye, ina istigifari a hanya. To na sauke."

Na fita da gudu. Baba yana tsaye bakin masallaci, ƙwaryar tana hannunsa biyu, Bafulatanar ta riga ta isar da saƙo da ƙarfinta, yadda suke magana a daji. Maza sun fi goma a wurin, mai goro yana cikinsu. Ba shi da halin mayarwa, ba shi da halin wucewa da ita. Ya dubi danga, ya dube ni. Sai ya yi 'yar dariya ya ce tsohuwa ta san shi da son madara tun yana yaro. Ya ɗaga faifan ya kafa kai. Ƙwaryar ba ƙarama ba ce kamar yadda na zata, ya daɗe yana sha, tana zuba ta gefen gemu tana sauka kan farar rigar. A tsaye ya shanye ta, shi da ko ruwa ya ga muna sha a tsaye sai ya mare mu.